Kada Ki Wuce Ni

Ni dai ban taɓa roƙon kowa ya so littattafaina ba. Tun ina budurwa nake karanta labaran soyayya a waya, masu sanyin nan da ba a kashe kowa, ba a sace kowa. Mijina Aaron, kofur ɗin soja, dariya yake mini. "Maman Divine, wannan ƙaryar ce ke hana ki tuƙa tuwo?" Sai in ce ya je ya ji da bindigarsa, ya bar ni da ƙaryata.

Da aka kwashe su daga barikin Zuru zuwa daji can gabas, waya ta zama wahala. Sai ya hau wani dutse kafin ya samu layi, kuma in ya samu ba abin da zai iya gaya mini. Ina kuke? Ba a faɗa. Ya aiki? Da godiya. Shi ke nan fa, mu yi jugum. Ran nan haushi ya kama ni, na ce tunda ba ka da bakin magana, tsaya in karanta maka.

Labarin wata yarinya ne mai sayar da kunun zaƙi a gindin dutse, irin duwatsunmu na nan. Tukunyarta ba ta ƙarewa. Aljanu ne masu sayen kunun, amma aljanu masu ladabi, tsofaffi masu ciwon gwiwa, su jeru a benci suna gulmar juna. Akwai kuma wani maharbi da ke zuwa duk ranar kasuwa, ya sha kunu, ya yi ta kame-kame, ya tafi bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

"Wannan maharbin rago ne," in ji Aaron.

"Ji mai magana! Kai da ka gama noman golmo na neman aurena a gonar babana ba ka iya kallon idona ba?"

Ya yi dariya har da tari. Tun daga ranar, da ya kira ko gaisuwar kirki babu, sai dai, "Ina muka tsaya?" Ya kuma sa ni na yi alkawari. "Kada ki wuce ni, Maman Divine. Ko layi ɗaya."

Kiran ƙarshe, mun kai inda maharbin ya zo da ƙwaryar zuma, ya tsaya gaban yarinyar, aljanu duk suka ajiye ludayi suna kallo. Ya buɗe baki zai yi magana, layi ya yanke.

Na jira. Na kira, a kashe. Damina ta sauka, dawa ta kai gwiwa, ta wuce kai, shiru. Na je ofis suka ce in yi haƙuri, ba layi ne a wurin. Haƙurin me? Ni ba dutsen na sani ba balle in je in hau. Abin da ke hannuna kawai shi ne shafin nan. In buɗe shi, in kalli maharbi da zumarsa, in rufe. A raina gani nake muddin ban wuce ba, dole Aaron ya kira.

Maƙwabciyata Theresa ta gama littafin tuntuni, ƙarshen yana mata ƙaiƙayi a baki. "Leah, bari in ɗan gaya miki kaɗan."

"Ki gaya mini, ki ga ko ban watsa miki ruwan wankin nan ba!"

"Ke dai da zafi kamar barkono. Labari ne fa."

Na san labari ne. Tsoro nake ji, shi ya sa nake faɗa da kowa.

A bariki duk mace ta san abu ɗaya. In kika ga Magajiya, shugabar matan sojoji, ta biyo layin ɗakuna ita kaɗai, to cigiya ce ko sulhu. In kuwa tare da fasto ko liman take, kowa sai ta daina abin da take yi. Ranar ina shanya kayan makarantar Divine da hantsi, sai ga ta da fasto, da wani soja hannunsa a naɗe. Theresa ta saki tsintsiya. Na ce a raina, Yesu, su wuce. Kunya ta kama ni, don in sun wuce ni ƙofar Theresa ce a gaba. Ba su wuce ba.

"'Yata, mu shiga ciki," in ji Magajiya.

Abin da suka faɗa a ciki ba zan maimaita ba. Na dai tuna na yi ta ce wa fasto ƙarya ne, ban wuce shi ba, ban wuce shi ba, shi kuwa bai gane me nake nufi ba.

Sojan ne ya gane. Usama sunansa, tare suke da Aaron. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ƙi zama a kujera.

"Madam, na san muryarki," ya ce. "In oga ya hau dutsen, mukan bi shi mu zauna, ya ƙara muryar wayar. Duk muna ji. Tsohon aljanin nan mai gwiwa, har sunansa muka laƙaba wa sajenmu." Ya share fuska da hannun mai lafiya. "Mu da muka rage, sun ce in na zo in tambaye ki. Maharbin nan, ya faɗa mata kuwa?"

Theresa na tsaye bayansa, ta san amsar, ta toshe baki da bakin zani. Na ɗauko wayar, na buɗe shafin. Ga maharbin nan da ƙwaryar zuma, baki buɗe. Na rufe shafin.

"Ban sani ba," na ce. "Ya ce in jira shi."