Taku Goma Sha Biyu Bayan Kiɗa

Tun da suka shigo zauren gasar rawar tango, Ofelia ta kasa zama. Ta ɗaure igiyar takalminta, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Ta leƙa bayi har sau uku ba tare da wani dalili ba. Fermín kuwa, abokin rawarta na shekara tara, yana zaune yana zuƙar shayin mate kamar mai jiran mota a tasha.

"Tashi in maƙala maka lambarka," ta ce daga bayansa.

Ko gezau. Sai da ta zagayo gabansa ta maimaita, yana kallon laɓɓanta, sannan ya miƙe.

Shekara talatin ya yi yana dukan ƙarfe a garejin jiragen ƙasa, kuma tun bara kunnensa ya fara yi masa tawaye. Ita kaɗai ta sani. Likita ya ba shi 'yar na'urar ji, amma tana aljihun kwat ɗinsa, don taurin kan Fermín sai dai a bar shi.

"Ka saka ta mana, tsoho, don Allah."

"A gaban alƙalai? Gara in fito ba wando."

"Da ma ƙafafun naka abin kallo ne."

Ya yi dariya a makare. Ita kuwa ba ta taya shi ba, domin ranar Talata Malama Zulema, mai makarantar rawarsu a unguwar Boedo, ta ja ta gefe ta ce Fermín yana makara a kan kiɗa. In ba su tsallake zagayen yau ba, za ta haɗa Ofelia da Gastón, ɗan shekara arba'in mai ƙafa kamar ta barewa, shi kuma Fermín ya koma ajin masu koyo. Ofelia ta san ba zai koma ba, rataye takalman zai yi. Kuma tun rasuwar matarsa, rawar Talata da Juma'a ce kawai ke fito da shi daga gida.

Shi ya sa suka ƙulla dabara. Hannunta na hagu yana bayansa, a ƙarƙashin takardar lamba, sai ta riƙa buga masa kiɗan da yatsa ɗaya. In waƙa ta ƙare, ta matsa sau biyu. A tango namiji ke ja, mace ta bi, don haka dole yatsar nan ta ɓuya wa alƙalai.

Da ƙarfe uku na rana aka kira rukuninsu. Mutum ashirin, biyu-biyu, suna zagaya fili. Alƙalai biyar a gefe da takardu. Waƙa uku za a saka, kuma ba mai sanin waɗanne sai ya ji. Ta farko Ofelia ta san ta. Ta biyu ma haka, duk da gumi ya jiƙa tafinta, tana ta satar kallon Malama Zulema da ta harɗe hannu a bakin ƙofa.

Ta uku tsohuwa ce da ba ta taɓa ji ba. Amma wani abu ya sauko wa Fermín. Ya rufe ido, ya ɗauke ta da dogon taku mai laushi, irin wanda rabonta da shi tun suna sababbi. Daɗi ya kwashe ta, ita ma ta lumshe ido. Tana jiran bugu biyun da ake rufe waƙa da su, ashe wannan ba ta da su. Kiɗan ya sulale kawai ya mutu.

Sai da suka yi taku uku ta ankara. Kowa ya tsaya cak. Ba abin da ake ji sai shafar takalmansu a kan katako, ga yatsarta tana ta bugawa.

Ta so ta matsa sau biyu. Amma yana tsakiyar juyi, ƙirjinsa a buɗe, farin cikinsa har a jikinta take ji, sai ta kasa yanke shi. An riga an gani, me ya saura? Ta ci gaba da buga masa, suka ratsa tsakanin mutanen da ke tsaye, har ya kai ta inda rawa ke rufewa da kyau. Sannan ta matsa.

Ya buɗe ido. Ya dubi alƙalai, ya dubi sauran, kowa ya riga ya saki abokin rawarsa. Fuskarsa ta faɗi.

"Taku nawa?" ya tambaya a hankali.

"Goma sha biyu."

"Kuma kika bi ni?"

"To wa zan bi?"

Ba su jira a karanta lambobin waɗanda suka tsallake ba. Malama Zulema ta tare su a bakin ƙofa, bakinta cike da magana. Fermín ya sa hannu a aljihu, ya ciro na'urar, ya cusa a kunne a gaban kowa.

"Faɗi, Malama. Yau dai ina jin ki."

Ofelia ta riga ta. "Ki ce wa Gastón ya nemi wata. Ajin masu koyon nan, ƙarfe nawa ne? Mu biyu za mu zo."