Ranar Haihuwar Tahira

"Ajiye wayar nan, Mika'ilu," in ji Baba Yuguda daga kan tabarma, murya can ƙasa. "Yarinya na karatu a Kano, ka tayar mata da hankali? Ta ce ranar haihuwarta za ta zo."

Mika'ilu ya ajiye, ba don ransa ya so ba. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, tarin tsohon ma daga gidansa yake jiyowa. Ga zafin bazara, ga jiki ya ƙare, ko koko ba ya zama a ciki. Kuma duk duniya Tahira ce kaɗai 'yar da ta rage masa.

"To yaushe ce ranar, Baba?"

"Ƙarshen Safar mana. Ranar da aka yi husufi, kaji suka shige akurki da hantsi."

Safar! Ai sai tsakiyar damina ke nan. Tsohon da ko shuka da wuya ya gani? Haka Mika'ilu ya yi ta haɗiye maganar, abin na cin ransa.

Ran nan da safe yana gyaran ƙotar fartanya a zaure, rediyo na ta surutu. Mai shirin ya jero abubuwan da suka faru a rana irin ta yau, da manyan mutanen da aka haifa, sannan ya ce ashirin da tara ga Maris, shekarar dubu biyu da shida, aka yi husufin rana. Mika'ilu ya saki fartanyar. Kai! Tahira 'yar boko ce fa, da watan Bature take lissafi!

Ya ruga maƙwabta ko takalmi babu.

"Baba, yau ce! Yau za ta zo!"

Tsohon ya buɗe ido da ƙyar. "Haba kai. Safar da saura."

Bai ƙara magana ba. Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Mika'ilu ya yi ta kiran Tahira, waya ta ƙi shiga. Ya roƙi liman a jinkirta, ko zuwa la'asar ne.

"A zafin nan?" in ji liman. "Sai haƙuri, Malam."

Sun dawo daga maƙabarta, an baza tabarmi a gindin darbejiya, sai ga ɗan acaɓa ta hanyar Ɗanbatta. Tahira ta sauko da murmushinta, rungume da kankana. Ta dubi mazan da ke zazzaune shiru, ta dubi jar ƙasar da ke gwiwar wandon Mika'ilu. Ta tsaya nan bakin hanya, kankanar na ƙirjinta.