Kowace Awa Ɗaya Da Rabi

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina sayar da kayan lambu a kasuwar Cesena, kuma ban taɓa barin wani ya ci kuɗina a banza ba. A aji biyar na tsaya da makaranta, amma in ka ɗora tumatir a sikeli zan faɗa maka nauyinsa kafin allurar ta tsaya. Wannan hali ne ya gina mini gida. Shi ne kuma ya raba ni da 'yata Mirca.

Da uwarta Nives ta rasu, mun je tare zaɓen akwatin gawa. Na ƙwanƙwasa katakon, na ce wa mai shagon wannan fenti ne kawai, ya rage. Muka yi ta ja har ya rage yuro ɗari biyu. Gaskiya na faɗa, fenti ne. Amma Mirca tana tsaye a gefe da rigar da za a sa wa uwarta a hannu, tana kallona. Ana gama jana'iza ta koma Bologna. Tafiyar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, amma shekara huɗu ba ta tako gidana ba.

Sai ga wayarta a ƙarshen Satumba.

"Babbo, Viola ce ta dame ni," in ji ta. Viola 'yarta ce, jikata ɗaya tilo, shekararta takwas. "Wai Mamma, kafin ta rasu, ta yi mata alkawari tun tana ƙarama za ta hau da ita babban lilon filin wasa na Girandola su ga teku. Ta ƙi mantawa. Za mu zo ranar Lahadi, mu koma a jirgin ƙarfe shida. In ranar ta yi kyau, za mu zo maka Kirsimeti mu yi mako guda. In ba ta yi ba, kada ka sake tambayata."

Na ce ta kwantar da hankalinta, Girandola a tafin hannuna take.

Ban yi ƙarya ba. Tun mutuwar Nives nake da katin shekara na tsofaffi a filin wasan nan. Ban taɓa hawa komai ba, ci nake zuwa yi. Suna sayar da wata munduwar roba ta abinci, yuro talatin da biyar. In an ɗaura maka ita a hannu, daga ƙarfe sha ɗaya kana da faranti ɗaya a duk rumfar da ka so, kowace awa ɗaya da rabi, har a tashi. Lissafin yana farawa ne daga lokacin da na'urarsu ta haska munduwar ta yi ƙara. Wanda ya makara da minti goma a kowane zagaye, kafin yamma ya yi asarar faranti guda. Da wannan suke cin mutane: sun san iyali na cikin layi, ko yaro na kuka, ko an manta. Yawancin masu saye faranti biyu suke ci su tafi. Ni ban taɓa cin ƙasa da biyar ba.

Na sayi uku. Na zauna da fensir na tsara ranar a bayan ambulan: sha ɗaya, sha biyu da rabi, biyu, uku da rabi, biyar. Na saita agogon hannuna ya riƙa ƙara.

Na tarye su a bakin ƙofa. Mirca ta rame, ta fara furfura a gefen kunne. Ta ba ni kunci na sumbata, kamar mai biyan haraji. Yarinyar kuwa goshin Nives ne sak a kanta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne Nonno, kakana? A hoto kana da gashi."

"Na sayar," na ce. "An taya da kyau."

Ta yi dariya. Uwarta ba ta yi ba.

Babban lilon yana can ƙarshen filin, tamkar tayar keke da ta kai tsawon hasumiyar coci, da 'yan ɗakuna a rataye. Tun daga ƙofa Viola ta ja hannuna ta nufe shi.

"Ba yanzu ba, 'yar tsuntsuwa," na ce. "Da safe kowa can yake rugawa. Bari ƙarfe ɗaya ta yi, wawaye su tafi cin abinci, layin ya zama namu."

"Babbo, abin da ya kawo mu ke nan," in ji Mirca.

"Na san wurin nan. Ki bar mini."

Ta bar mini. Suka hau dawakan katako da wani jirgin ruwa mai fantsama, ni ina riƙe da jaka. Sha ɗaya daidai agogo ya yi ƙara, muna gaban rumfar taliya. Loredana ce a wurin, wata ƙatuwar mata da ta san ni shekara huɗu.

"Sinyor Olindo! Yau ma ka zo karya mana kamfani? Har da sojojin haya?"

"Ke dai zuba daga ƙasan tukunya, can naman yake kwanciya."

"Wannan kyakkyawar fa? Ba dai jininka ba ce?"

"Jikata ce."

"Allah ya taimake ta, ba ta ɗauko hancinka ba." Ta juya ga Mirca. "Sinyora, babanki ya fi mai wurin nan sanin abin da ke tukunyarmu. Rannan cewa ya yi ludayina ya ƙanƙance."

"Ya ƙanƙance mana," na ce.

Mirca ta ɗan murmusa. Na gani, na ji daɗi, na ce a raina ranar ta kama hanya.

Ba su jima da karyawa ba, don haka Viola ta ci rabi ta ture. Na fito da robar da nake yawo da ita a jaka na juye sauran. Mirca ta kau da kai. Ba ta san yadda na taso ba, ko ta sani ba ta ji a cikinta ba. Mu bakwai ne a ɗakinmu, busasshen kifi ɗaya ake ratayewa da zare a saman tebur, kowa ya goga tuwon masararsa a jiki don ya ji ƙamshi, kifin ya kai mako. Wanda ya taso haka, in ya ga abincin da ya riga ya biya zai wuce shi, ba ya iya ƙyale shi.

Sha biyu da rabi muka karɓi gasasshen nama da dankali. Ban yarda sun karɓi piza ba, garin alkama ne da ruwa, ita ce mafi araha a wurin.

"Nonno, ni piza nake so."

"Piza ta marasa wayo ce. Ci nama."

"Cikina ya cika."

"Yi tsalle sau uku, zai sauka."

Ƙarfe ɗaya da minti goma muka shiga layin babban lilo. Ranar wawayen ba su tafi cin abinci ba. Lahadin ƙarshe ce kafin sanyi, duk garin ya fito, allon ya nuna jiran minti hamsin. Na duba agogo.

Amma a cikin layin nan ne abin ya yi daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Viola ta riƙe ɗan yatsana tana tambaya ko kakarta tana tsoron sama. Na ce Nives ko kan kujera ta hau sai ta kira sunan waliyyai uku, amma tunda ta yi alkawari, da tana raye da ta hau. Na ba su labarin ranar da ta kori wani ɓarawon kankana da tsintsiya har bakin tasha. Mirca ta yi dariya ta gaske, har ta dafa kafaɗata. Shekara huɗu rabon da hannunta ya taɓa ni da niyya.

"Har yanzu kana kunna murhun falo da sanyi?" ta tambaya. "Ɗakina na sama akwai sanyi, sai an nemo wa Viola bargo."

Kun ji. Maganar Kirsimeti take yi.

Saura mutum shida a gabanmu agogo ya yi ƙara.

Rumfar soyayyen kifi ita ce mafi tsada a Girandola, yuro sha tara faranti, kuma a ƙarshen kaka ƙarfe biyu da kwata take rufewa. A kanta na gina duk lissafin ranar. Munduwa kuma ba a cire ta, dole mai ita ya miƙa hannunsa da kansa. Na dubi mutum shidan nan, na dubi lilon yana juyawa a hankali kamar ba ya so. In muka hau, kafin mu sauko an rufe.

"Mu je mu dawo," na ce. "Minti goma ne."

"Babbo." Muryarta ta yi ƙasa. "Saura kaɗan."

"Lilo ba ya guduwa, har dare yana nan. Kifi ne zai rufe."

"Ba mai jin yunwa a cikinmu."

"Ba maganar yunwa ba ce. An riga an biya."

Na ɗaga igiyar layin na fita, riƙe da hannun yarinyar. Ba ta yi gardama ba, ta dai riƙa waiwaye. Mirca ta tsaya kamar ba za ta biyo mu ba, sannan ta biyo. Wani saurayi a bayanmu ya ce, "Mun gode, kaka, Allah ya ƙara yunwa!" abokansa suka kwashe da dariya.

Mun samu kifin, saura minti huɗu a rufe. Kifi mai kyau ne, da zafinsa, har da jatan lande. Ni kaɗai na ci.

Muna komawa na ji iskar ta juya. Duk wanda ya taso a bakin tekun nan ya san ta: takan taso da rana tsaka ba sallama, ta kwashe hulunan mutane da laimomin rumfuna. Kafin mu isa an tsayar da lilon, ana sauke na ciki ɗaki bayan ɗaki. Wata ma'aikaciya tana rataye sarƙa a bakin layin.

"Sai iska ta kwanta," in ji ta.

"Yaushe?"

"Sinyor, ni ba ni na kunna ta ba."

Na ce mata mun yi jiran minti hamsin, na ce a kira mini babbansu, na ce yarinyar nan daga Bologna ta zo. Ta ce ko daga wata ta zo. Muka zauna a wani benci muna kallon ɗakunan lilon suna kaɗawa babu kowa a ciki. Viola ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta cusa kanta a jikin uwarta tana murza munduwar hannunta. Na ce zan saya mata 'yar tsana, ta girgiza kai. Na ce askirim, ta ce, "Na ƙoshi, Nonno," da ladabi, kamar yadda ake gaya wa baƙo.

Awa guda muna zaune. Sai agogo ya yi ƙarar uku da rabi.

Na rantse ban yi niyya ba. Ƙafafuna ne suka miƙe da kansu. Na tsinci kaina a tsaye, jaka a kafaɗa, fuskata ta nufi wajen rumfuna.

Mirca ta ɗago ta dube ni, irin kallon shagon akwatin gawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe jakarta ta fito da ɗan almakashin farce, ta yanke munduwar Viola, ta yanke tata, ta ajiye su a kan bencin.

"Saura bibbiyu a kowace," ta ce. "Kada su lalace maka."

"Mirca, iskar za ta kwanta. Jirginku sai shida."

"Akwai na huɗu da minti arba'in."

"To Kirsimetin fa?"

"Ka riƙa kunna murhun nan, Babbo. Kana tari."

Viola ta zo ta sumbace ni don uwarta ta ce ta yi. Na bi su da ido har suka shige cikin jama'a.

Zan iya tsayawa a nan, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Na ɗauki munduwoyin biyu. Na kai wa Loredana. Ta dube su a tafin hannuna, ta leƙa bayana ba ta ga kowa ba. Ba ta yi mini tsiya ba, karon farko tun da na san ta.

"Yankakkiya ba ta aiki, Sinyor Olindo. Ka fi ni sani."

"An biya su."

"Na sani." Ta haska tawa kawai, ta zuba mini daga ƙasan tukunya. "Je ka zauna."

Iskar ta kwanta biyar saura kwata. Ina zaune da faranti a gabana na ga lilon ya fara juyawa, babu ko layi. Na je na hau, ni kaɗai a ɗaki. Ashe da gaske ana ganin teku daga can, har da jiragen masunta da layin dogo da ya bi ta gefen gonaki. Ina ƙoli agogo ya yi ƙarar ƙarfe biyar. Na lalubi maɓallin in kashe, na kasa samunsa, ya yi ta ƙara har ya gaji.

Da Disamba ta kama na sayi bargo sabo, na ulu. Ban yi ciniki ba, abin da matar ta faɗa shi na biya. Na shimfiɗa shi a ɗakin sama. Ranar Kirsimeti wayar ta yi ƙara da rana, Mirca ce, ta ce suna gidan surukanta, Viola tana gaishe ni. Minti biyu muka yi. Bargon yana nan a kan gadon, ban ko cire masa takardar kuɗin ba.