Ƙyauren Gidanmu a Jikin Motar Sulke

Mijina Nasroding ya ba shekara arba'in baya, har da furfura a gemu, amma har yau wasan motocin roba yake yi. Idan na faɗi haka sai ya ɓata rai, ya ce ba wasa ba ne, fasaha ce. Sana'arsa ta gaskiya gyaran waya ce a wata 'yar rumfa a kasuwar Iligan. Da ya dawo da la'asar kuwa, ko ruwa bai gama sha ba zai zauna a teburin bakin taga, ya buɗe kwali, ya zazzage gutsattsarin roba masu ruwan toka, waɗansu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ya dinga ɗaukarsu da hantsaki yana liƙawa da gam. Wata guda, wata biyu, sai ka ga tankar yaƙi ta fito, tsawonta bai fi tafin hannu ba. Ɗaki biyu muke haya, dukansu warin fenti suke yi. Har zannuwan malong da nake sayarwa sai na shanya su kafin in kai wa masu saye.

A Marawi, garinmu na asali, yana da kabad guda cike da su. Yaƙi ya tafi da su tare da kabad ɗin, da gidan, da unguwar. Na ɗauka wanda ya ga tankar gaske a titinsu ba zai ƙara sha'awar ta roba ba, ashe ban san mijin da na aura ba. Shekara guda da gudowarmu ya sake sayo kwali. Ranar na yi masa tas. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na ga ƙaramar rezarsa.

Shi kabad ya bari a Marawi. Ni mahaifina na bari. Ranar Larabar da muka fito, kowa cewa yake kwana uku ne ƙura ta lafa, kamar yadda aka saba. Ama, haka muke kiran mahaifina, ya zauna a gida. Wata biyar aka yi ana faɗa. Da aka bar mu muka shiga dubawa, gidan ba rufi, bango biyu ne a tsaye, shi kuwa babu ko alamarsa. Na ba da yawuna an gwada ƙwayar halittata da ta gawarwakin da aka binne da lamba maimakon suna, ba a dace ba. Shekara bakwai ke nan ban san a gida ya cika ko a hanya ba, ban san wanda ya yi masa ganin ƙarshe ba, ko salla ba mu yi masa ba. Idan aka tambaye ni, sai in ce taurin kai ne irin na tsofaffi, ya ƙi barin gidansa.

Bayan ƙaramar salla wani tsohon soja, Saje Wilfredo, ya kira Nasroding daga Cagayan de Oro. Wai ya ga aikinsa a waya, yana so a yi masa motar sulken da ya jagoranta a yaƙin garinmu. Ya turo hotuna. Na ce wa Nasroding ya ji kunya, bai ji ba. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne, motar da ke zuwa a kwali sumul take, yadda ta fito daga masana'anta, ta Saje kuwa ba haka take ba. A lokacin yaƙin sojoji sun riƙa ɗaure katakai a jikin motocinsu, don idan an harbo roka ta fashe a kan katako kafin ta kai ga ƙarfe. Duk wannan babu shi a kwali, sai mutum ya ƙirƙira da hannunsa.

Sai ga mijina yana bin masu sayar da kofi yana roƙon tsinkayen juya sukari. Ya jiƙa su a baƙin shayi su tsufa, ya yanka, ya goge da samfefa, ya zare siraran wayoyi daga matattun caja ya ɗaure su a jikin motar. Kullum sai ya kira ni.

"Norhata, zo ki ga tsatsar nan. Kamar ta gaske."

"Akwai ta gaske a gindin tukunyata, ban kira kowa kallo ba."

"Ke dai ba ki da ido."

"Ina da hanci, shi ke wahala."

Ana nan sai ya daina kirana. Da farko na gode Allah. Amma mutumin da ko taya ɗaya ya liƙa sai ya tare ni da ita a hanyar kicin, yanzu da ya ji motsina sai ya ja hankici ya rufe aikin. Abinci ma sai ya tsakura ya ture, har da shinkafa da kaza da palapa, haɗin yajin nan da yake so. Na ce a raina ko ya karya wani abu ne yana jin nauyin faɗa. Ran wata Alhamis da safe, bayan ya fita, ina goge taga, na sa yatsu biyu na ɗaga hankicin.

Motar ta kusa ƙarewa. Taɓo a tayoyi, katakai a gaba da baya. A gefen hagu kuma an ɗaure wani koren ƙyaure, tsayinsa bai kai ɗan yatsana ba. A samansa akwai sassaƙar reshe mai lanƙwasa, ta taso daga hagu ta tsaya a tsakiya, dama fili. Baffana ne ya fara wannan sassaƙa ina 'yar yarinya, suka yi faɗa da Ama a kan iyakar gona, ya tattara kayan aikinsa ya tafi, Ama kuma ya rantse ba wanda zai ƙarasa ta. A ƙasa, inda ruwa ya ci katakon, ga facin gwangwanin kananzir a karkace, yadda Ama ya buga shi da kansa. Nasroding bai bar ko ƙusa ɗaya ba.

Ban san lokacin da na yafa mayafi ba. A rumfarsa na same shi, ya buɗe cikin wata waya, mai ita na tsaye.

"Nuna min hoton," na ce.

"Wane hoto?"

"Nasroding, kada ka mai da ni yarinya a gaban mutane."

Ya ce wa mai wayar ya dawo bayan azahar. Ya ciro tasa, ya buɗe, ya ja hoton da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar. Sojoji uku suna dariya, ɗaya ya ɗaga babban yatsa. A bayansu ƙyauren gidanmu ne, ɗaure da waya a jikin ƙarfe.

"Tun yaushe ka gani?"

"Sati uku."

"Sati uku kana cin abincina, kana kwana kusa da ni."

"Na so in fara tambayar Saje. Na ɗauki waya ya fi sau goma. In ya ce min gawa suka tsallaka suka cire shi fa? Da wane baki zan gaya miki?"

"Sai ka zauna kana sassaƙa shi."

"Ban san abin da zan yi ba sai shi," ya ce, kansa a ƙasa.

Na so in koma gida in taka motar nan da ƙafa. Amma shekara bakwai ina bin ofisoshi da takardu, ba wanda ya taɓa ce min ya taka ƙofar gidanmu, ga shi yau mai tankar roba ya samo min shi. Na ce ya ƙarasa aikin, ya ce wa mutumin ya zo ya karɓa da kansa, kada kuma ya gaya masa komai.

Ran Lahadi da rana Saje ya iso, bayan ya taso daga coci. Na shirya ganin ƙato mai jan ido, sai ga wani ɗan siriri mai sanƙo, yana dogara sanda, da abarba biyu a leda. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba a ce masa ba. Wannan ya ba ni haushi, don na fi son ya zo da rashin kunya. Na kawo kofi da alewar dodol na ajiye, na zauna a gefe.

Nasroding ya yaye hankicin. Saje ya sunkuya yana ƙare mata kallo. Sai ya zaro nasa hankicin ya share ido.

"Ita ce. Har lotsewar nan ta baya, direbana ne ya yi ta da bangon wani shago." Ya nuna ƙyauren da ɗan yatsa, bai taɓa ba. "Ka ga wannan, maigida? Shi ya sa nake zaune a nan. Roka ta same shi a tsakiya, ya tarwatse, mu shida muka fita da rai. Ƙafar nan kawai ta nakasa."

"A ina kuka samo shi?" na tambaya.

"Wani gida ne, Madam, bayan wani ƙaramin masallaci, kusa da tafki. Kwana tara da fara faɗa." Ya yi 'yar dariya. "Ba zan manta ba. Mun ɗauka ba kowa. Wani cikin yarana sojoji ya sa ƙarfe zai ɓalle ƙyauren, sai muka ji murya daga ciki, wai wane mara tarbiyya ne zai lalata masa dokin ƙofa. Wani tsoho ne, ɗan gajere, da farar hula. Da muka yi masa bayani, shi da kansa ya ɗauko sukundireba, ya tsaya a kanmu muka kwance shi a hankali. Ya ce aro ne, mu dawo masa da abinsa. Yana azumi, amma sai da ya ba mu ruwa."

Ama ke nan, ba ragi. 

"Kun bar shi a can?"

Sai a lokacin ya dube ni sosai. Ya dubi Nasroding, ya sake dubana. Ya ajiye kofin.

"Mahaifina ne," na ce. "Sunansa Macapado. Har yau ba mu gan shi ba."

Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. 

"Madam, Allah ne shaidata, mun roƙe shi. Akwai wuri a motar. Na ce, Bapa, taho mu kai ka gada, daga can a fitar da kai. Yarana biyu har sun kama shi za su ɗaga, ya riƙe ƙarfen taga."

"Ya ƙi barin gidansa," in ji Nasroding a hankali. "Haka yake."

"A'a, maigida, ba gidan ba ne. A shirye yake tsaf. Jakarsa na gefen kujera, da ledar magungunansa, takalmi a ƙafarsa. Cewa ya yi 'yarsa ta ce za ta sauke kaya a Iligan ta dawo ta ɗauke shi. Na ce, Bapa, an rufe hanya, ba mai shigowa. Ya ce ban san 'yarsa ba. In ta zo ba ta same shi ba, za ta shiga gari nemansa cikin harbi, shi kuwa ba zai ja mata wannan ba." Ya gyara zama. "Mun bar masa kifin gwangwani da ruwa. Da muka juya, na hango shi ya jawo kujerarsa bakin ƙofar, tunda ba ƙyaure, yana kallon titi. Bayan kwana huɗu aka harbe mu. Ban sake komawa unguwar ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

 Nasroding ya juyo yana kallona. Ranar da muka fito yana cikin mota riƙe da sitiyari, yaranmu na kuka a baya, bai ji abin da aka faɗa a cikin gida ba. Wuri ɗaya ya rage a motar, ni kuma na riga na cika shi da dilolin malong, jarina gaba ɗaya. Ama ya fito da jakarsa, ya ga kayan, ya tsaya. Na ce, Ama, bari in sauke waɗannan in dawo, kafin magariba ina nan. Ya ce to. Da na shiga mota Nasroding ya tambaye ni ina tsoho, na ce ya ƙi. Na faɗa wa mijina, na faɗa wa 'yan'uwana, na faɗa wa masu rubuta sunayen ɓatattu, na yi ta faɗa har na kusa yarda.

"Bai ƙi ba," na ce wa Nasroding. "Ni na ce ya jira ni."

Ya kau da kai. Da ya zage ni, da na ji sauƙi. Saje ya laluba sandarsa zai miƙe, yana ba da haƙuri, wai da ya sani da bai zo ba. Na ce ya zauna, kofinsa bai ƙare ba.

"Kwana nawa ka ce da fara faɗa?"

"Tara, Madam."

"Kuma takalmin na ƙafarsa."

"Yana ƙafarsa. Har ya ɗaure igiya."