Allurar Dalhatu

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, mutanen wani ɗaki a unguwar Gubaira ta Riyad sun kewaye farantin shinkafar kabsa, sai Malam Abdou ya dire wata gorar ruwa a tsakiyarsu. Cike take da tsofaffin allurai.

"Dalhatu, a ƙarƙashin katifarka na samo wannan."

Dalhatu direba ne, ciwon sukari ya kama shi tun shekarar da ya zo Riyad, duk wata asibiti na ba shi alluran insulin. Kowa ya san da haka. Kowa kuma ya san ƙanensa Inuwa, mai walda, ya faɗa harkar ƙwayar da ake tsirawa a jijiya. Abin da ba su sani ba, Dalhatu ke ba shi sabuwar allura kullum, ya karɓi tsohuwar ya jefa a gora.

"Kai ke taya shi saɓon Allah," in ji Malam Abdou, wanda shi ne babban ɗakin. "Ko ka bari, ko ka bar mana ɗaki."

Ran Dalhatu ya ɓaci, amma bai ɗaga murya ba. Wa'azi dai babu irin wanda bai yi wa Inuwa ba, har da mari. A da, Inuwa da abokansa su huɗu suke karɓa-karɓa da allura ɗaya a bayan gareji. Wani Talle a cikinsu ciwon hanta ya cinye, aka soke iƙamarsa ta zama a ƙasar, ya isa gida ya cika.

"Malam, ban ce halal ba ne. Mai rai ke tuba. Ni kuwa ba zan kira tsohuwarmu in ce mata jinin wani ya kashe mata ɗa ba."

"To kai da me kake yin taka allurar?"

Dalhatu ya ɗaga riga. Cikin nan duk tabo, baƙi-baƙi, wani na kan wani. Allura ɗaya yake maimaitawa har ta dakushe, sauran na Inuwa ne. Aka rasa mai kai loma baki.

Ya naɗe katifarsa, ya ɗauki gorarsa. A bakin ƙofa ya ci karo da Inuwa, ashe duk ya gani. Inuwa ya miƙo sabuwar allurar da ya karɓa da safe.

"Yaya, riƙe abinka."

Dalhatu ya mayar masa cikin tafin hannu, ya damƙe yatsun a kai.

"Gobe ka kawo min ita. Da ƙafarka."