Fararen Ƙwan da Tsohuwa Fang Ta Share

Tun daga bakin ƙofa Shuilan ta hango abin da ba ta so. Surukarta, Tsohuwa Fang, na zaune a ɗakin tsutsar siliki, gashin agwagwa na share faifan ƙwai a hannu, tana ta murmushi ita ala dole ta yi aikin kirki.

Irin tsutsar ƙauyen kakaf a hannun Shuilan aka damƙa shi bana. Masu bincike ne suka taɓa ƙwayar halittarsa don a gane jinsi tun a ƙwai: baƙi mace, fari namiji. Su za a haɗa su yi barbara, a samu ƙwan da kowane gida zai kiwata baɗi. Tsohon irin kuwa kowa ya watsar da nasa. Shuilan ta san duk wannan. Tsohuwar ce ba ta sani ba, don ranar da ma'aikacin wurin binciken ya zo yi musu bayani, korarsa ta yi. An liƙa jar takarda a ƙofa, alamar lokacin kiwon tsutsa ne, baƙo ba ya shiga, ko ɗan waye.

Shuilan ta leƙa faifan farko. Baƙi wuluk. Na biyu ma haka. Ta juyo wurin tsohuwar.

"Inna, ina fararen?"

"Wai matattun? Na share miki su mana," in ji tsohuwar. "Ke da ido kamar ba ido! Tun ban kai ki ba na san farin ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa. Rabi fa ya lalace, 'yan bokon nan sun cuce ki."

"Wayyo, Inna! Ina kika zuba?"

"Can bakin rafi. Mene ne kike zazzare min ido?"

Ko takalmi Shuilan ba ta tsaya sakawa ba. Tana gudu, tsoro ya cika ta fal, tana roƙon ko cikin cokali ɗaya ta tarar, ko rabinsa ma.

Agwagin gidan sun riga ta. Sun tattake wurin, sun tsattsage shi tas, suna ta wanke baki a ruwa. Ta durƙusa tana tona laka da yatsu, ba ta ga komai ba sai laka. Dubban mata na can a faifai, babu namiji ko ɗaya.

Daga tsallaken rafi maƙwabciyarta Yuzhen ta ɗago daga wanki tana dariya.

"Shuilan! Yaya angwayenmu? Ki kula mana da su fa, duk garin nan ke muke kallo."