Fasfon Marigayiya Sakinatu

Shekara uku da wata biyu bayan na binne matata Sakinatu a maƙabartar Baƙi'a, wani ma'aikaci mai tabarau ya shaida mini cewa tana nan da ranta, har ma ta sabunta fasfo.

Shekarata goma sha shida a Madina ina sayar da magani a wani kanti a Al-Khalidiyya, ban taɓa bin layin takarda da ƙafata ba. Mahmudu ke yi mini. Ɗan ƙanwar mahaifiyar Sakinatu ne, haifaffen nan, ɗan ƙasa, kuma sana'arsa ke nan: mu'aƙƙib, mai yawo ofis-ofis da takardun mutane a hammata. Ni dai in miƙa masa, ya dawo mini da su da hatimi, in koma kan littattafaina. A farkon 1999 mota ta karya masa ƙafa a hanyar filin jirgin sama, fasfona kuwa saura kwana tara ya mutu. Idan fasfo ya mutu ba a sabunta iƙama, takardar izinin zama, idan babu iƙama babu zama. Madina ba ta taɓa nuna tana bukatata ba, amma a cikinta Sakinatu take kwance, kuma ban yi niyyar barin ta ba.

Da na ji ma'aikatan fasfo na Nijeriya sun zo daga Jidda za su yi kwana biyu a wani zaure da aka kama musu, sai na ɗauki nawa na tafi da kaina. Na cike fom ɗin a tsaye. Inda aka tambayi aure na rubuta gaskiya: matata ta rasu.

Ma'aikacin ya karanta, ya jawo wani babban littafi, ya lashi yatsa yana buɗe shafuka.

"Malam Ashafa, yaushe Hajiya ta rasu?"

"Shekara uku ke nan."

"Allah ya jiƙanta." Ya juyo mini da littafin. "To wannan wace ce?"

Sakinatu Ashafa, haifaffiyar Gusau. Ranar haihuwar tata ce. An sabunta mata fasfo wata bakwai da suka wuce. A gefe an liƙa hoton wata mace cikin baƙin mayafi, siririya, mai doguwar fuska. Na dafa teburin. Na daɗe ina kallon hoton, har sai da na tabbata ba ita ba ce, kuma abin kunyar shi ne na ji haushin hakan.

"Ga kuma takardar amincewar miji," in ji shi. "Hannun wa ne wannan?"

Nawa ne. Babu mai iya kwaikwayon yadda nake karya wutsiyar harafin ƙarshe. Wasiƙar ta ce ni, Ashafa, na yardar wa matata ta sabunta fasfo, da Turanci mara daɗi wanda ko da wuƙa a wuya ba zan rubuta ba.

"Malam, takarda biyu gare ni daga hannunka. Ɗaya ta ce ta mutu, ɗaya ta ce tana raye. Gobe da azahar za mu koma Jidda. Ko ka kawo mini ita, ko ka kawo shaidar mutuwa. Fasfonka yana wurina."

Ya sa shi a aljihun tebur, ya kira na bayana.

Shaidar mutuwar tana gidana, cikin wani kundin tarihi da ba na buɗewa. Tafiyar minti goma ce. Amma na tuna wanda na miƙa wa fasfon Sakinatu da iƙamarta ranar sadakar uku, na ce ya mayar wa hukuma. Na tari tasi zuwa unguwar Harra ta Yamma.

Na tarar da Mahmudu kwance a falon mahaifiyarsa, Inna Mero, ƙafa cikin filasta, yana cin dabino yana kallon ƙwallo. Inna tana gefe da butar shayi. Na durƙusa na gaishe ta yadda aka koya mini a gida, sannan na juya kansa.

"Ashe matata ta tashi daga kabari, Mahmudu, ba ka gaya mini ba. Da na zo taryarta."

Ya ajiye dabinon. "Ya Duktur, ka je da kanka? Ai na ce ka jira ni sati ɗaya bas, ɗaya tak!"

"Sati ɗaya. Shekara uku kana sabunta mini iƙama da mata a kanta, ni ina zuwa Baƙi'a duk Juma'a ina yi mata addu'a."

"Wallahi ba ni na fara ba."

"Zauna, Duktur," in ji Inna Mero. "Tsayuwa ba ta ƙara maka gaskiya." Ta zuba mini shayi, ta ɗaga murya. "Safiyyatu! Zo ki gaida mijin 'yata."

Matar da ke cikin hoton ta fito daga kicin tana goge hannu. Sai a lokacin na gane ta. Ita ce ta yi jinyar Sakinatu a watanninta na ƙarshe, tana juya ta, tana wanke ta, tana kwana a ƙasan gadon asibiti. Wata biyar tana shiga gidana tana fita, ban taɓa tambayar sunan ubanta ba. Ta durƙusa nesa da ni, ta ce, "Ina wuni, ya Duktur," ba ta ɗago ba.

"A nan Harra aka haife ta," in ji Inna. "Ubanta da ƙafa ya zo ta Sudan, ya mutu bai mallaki takarda ko ɗaya ba. Nijeriya ba ta san da ita ba, nan ma ba su san da ita ba. Shekararta talatin da takwas, daga nan zuwa Makka ba ta taɓa zuwa ba don tsoron shingen hanya. In ta yi ciwo, a ɗaki take jinya. Mu nan, Duktur, tun kafin ka zo ƙasar, ba ma binne takarda tare da mai ita. Wanda ya mutu ya gama da ita, mai rai bai gama ba."

"Inna, wannan sunansa sata."

"An saci abin da aka bayar?"

"Wa ya bayar?"

Ta dube ni kamar yadda ake duban mai jinkirin fahimta. "Mai shi."

Na ce ƙarya ne. Ban taɓa faɗa wa babba haka ba, amma na faɗa, kuma da ƙarfi. Inna ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ranar da aka ƙara wa Sakinatu jini na ƙarshe, ba ta ba ka fararen takardu uku ta ce ka sa hannu a ƙasa, na asibiti ne, likita zai cike ba?"

Na tuna. Ina zaune a bakin gadon da littafi buɗe a cinyata. Ta miƙo mini takardun da biro. Na sa hannu sau uku ban ko rufe littafin ba. Ni da nake karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe, ni da nake gyara wa limamai wasali a zuciyata.

"Ta ce in an tambaye ka za ka yi mana lacca ta awa biyu, ka kawo dokar ƙasa uku, sannan ka ƙi," in ji Mahmudu a hankali. "Ta ce amma in abu ya riga ya faru, ba ka iya tona mutum. Ni dai abin da ta ce ke nan, ya Duktur, kar ka harare ni."

Shekara ashirin da ɗaya muna tare. Na ɗauka na san duk abin da ke cikin matar nan, har da abin da take tsoro. Ashe tana kan gadon mutuwa tana auna ni kamar yadda nake auna garin magani, kuma awon nata ya fita daidai har ta yi shiri a kansa. Shayin ya huce a gabana, ban iya ɗaga kofin ba.

"In na kai shaidar mutuwa fa?" na ce.

"Kai za su ba ka jawaz ɗinka, fasfon nan naka, ka ce ba ka sani ba, kuma gaskiya ne," in ji Mahmudu. "Ni in rasa aikina, watakila fiye da haka. Ita kuwa tarhil. Za a sa ta a jirgi a sauke ta a Kano."

"Ban san kowa ba a Kano," in ji Safiyyatu. Ita ce maganarta ta biyu. "Amma in ka ce a mayar, ya Duktur, halas, shi ke nan, a mayar. Sunan matarka ne. Wallahi duk lokacin da aka kira ni da shi sai na yi mata Fatiha."

Na so ta yi gardama, ko ta yi kuka, in samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Na tashi na fita ban yi sallama ba.

Washegari da safe na ciro shaidar mutuwar daga cikin kundin, na ninke ta na sa a aljihun gaba. Na tsaya a bakin titi, tasi ya tsaya, direban ya tambaye ni ina za ni. Na ji bakina ya ce Harra ta Yamma.

Na tarar Safiyyatu ta riga ta sa abaya tana zaune a tsakar gida, fasfon Sakinatu a hannunta. A mota na zauna gaba, ita a baya. Ban juya ba na ce, "Unguwarku a Gusau Sabon Gari. Sunan mahaifinki Usmanu. Kada ki sa Larabci a maganarki in kina iyawa. Sauran ki bar mini."

"Tayyib," ta ce.

"Abin da na hana ke nan."

"To."

Zauren ya cika fiye da jiya. Da layi ya zo kanmu, ma'aikacin ya gane ni, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya karɓi fasfon daga hannunta, ya dubi hoton, ya dubi fuskarta.

"Hajiya Sakinatu?"

"Na'am."

Ba ta yi jinkiri ba ko na ƙiftawar ido. Shekara uku ban ji an kira sunan nan an amsa ba. Na kafa ido a kan kalandar da ke bango.

"To, Malam Ashafa, ga Hajiya da ranta da lafiyarta. Me ya kai ka rubuta ta mutu?"

Duk karatuna, ƙaryar da na samu ita ce wadda kowane sakarai zai samu. "Saɓani muka yi. Da fushi na cike."

"Saɓani!" Ya ajiye biro, ya juya ga abokin aikinsa. "Abdu, zo ka ji. Sun yi faɗa da matarsa, shi ne ya kashe ta a takardar gwamnati." Mutanen da ke layi suka fashe da dariya. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Maza ke nan, Allah ya shirye ku." Ma'aikacin ya nuna ni da yatsa. "Mutum da furfura, mai ilimi, a birnin Manzo? Ba a wasa da mutuwa, Malam. In Allah ya karɓe ta gobe, da wane ido za ka dubi wannan takarda?"

"Na yi kuskure," na ce.

"Ba ni za ka gaya wa ba. Ga ta nan."

Na juya. Safiyyatu ta sunkuyar da kai. Kowa a zauren na jira.

"Ki yi haƙuri, Sakinatu."

"Ba komai," ta ce, muryarta da ƙyar take fita. "Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Ya yaga fom ɗin jiya gida biyu ya jefa a kwando, ya miƙo mini sabo. Na cike shi a tsaye, layi bayan layi. Inda aka tambayi aure na rubuta cewa ina da mata ɗaya, na rubuta sunanta, na sa hannu. Ya ciro fasfona daga aljihun tebur, ya buga hatimi, ya ƙara mini shekara biyar.

"Ka riƙe ta da kyau," ya ce yana miƙo mini. "Allah ya bar ku tare, ya ƙara wa Hajiya tsawon rai."

Ya tsaya yana kallona, bai saki fasfon ba. Sai na gane amsa yake jira.

"Amin," na ce.